Ƙara a ƙofar mota: yadda ake cire fanel ɗin ciki a gano abin da ke kaɗawa

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa da ke zaune a Arkilla, cikin garin Sakkwato. Yana da Toyota Corolla ƙirar 2006. Ya ce ƙofar gaba ta gefen mai zaman banza ta ishe shi da ƙara, muddin ya sauka daga kwalta ya shiga layin unguwa, ko ya hau tudun rage gudu. A kan titi mai kyau shiru take. Abin ya fara ne 'yan makonni bayan an canza masa sifikun ƙofa. Yana son ya san ko zai iya cire fanel ɗin cikin ƙofar, wato murfin da ya rufe ƙarfenta ta ciki, da kansa ya duba, ba tare da ya fasa wani abu ba.

Malam, za ka iya, in sha Allahu. Amma sharaɗi biyu zan gindaya maka kafin ka ɗauki sukundireba. Ka fara tabbatar da cewa ƙarar daga cikin ƙofar take fitowa, sannan sababbin kilif, wato ƙananan ƙusoshin roba da ke riƙe fanel a jikin ƙarfen ƙofa, su kasance a aljihunka tun kafin ka buɗe. Tunda ka ce bayan canza sifika abin ya fara, zargina ya fi karkata ga wanda ya yi maka aikin: ko ya karya kilif ya mayar da fanel ɗin a haka, ko ya bar waya tana reto a ciki. Yawancin ƙofofin da ake kawo mana da wannan kuka, an taɓa buɗe su ne aka rufe da gaggawa.

Ƙara a cikin mota tana da yaudara. Kunne zai ce maka ƙofa ce, alhali ƙarfen bel ne ke bugun ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, ko wani abu ne a cikin akwatin da ke gaban fasinja. Don haka fara da kwashe duk abin da ke aljihun ƙofar: kwalbar turare, carbi, cajar waya, tsabar kuɗi, makullai. Ka ɗaura bel ɗin ko da babu kowa a kujerar. In ƙarar na nan, nemi wanda zai tuƙa, kai ka zauna a gefen ƙofar, ku shiga layin da ka san tana yi. Ka riƙa danna fanel ɗin da tafin hannu wuri-wuri: sama kusa da gilashi, kan madogarar hannu, kan ragar sifika, sannan ƙasa wajen aljihu. Inda ka danna ƙarar ta ɗauke, can matsalar take, kuma mai yiwuwa kilif ne. In ka danna ko'ina ba ta fasa ba, to abin yana can ciki bayan ƙarfe.

Sai ka gwada gilashi. Ɗaga shi har ƙarshe ka saurara, sauke shi rabi ka saurara, sannan ka sauke shi gaba ɗaya. Idan ƙarar ta fi yawa yana rabi, ta kuma ɓace in ya rufe ruf, to gilashin ne ke wasa a cikin robar da yake bi, ko notin da ke riƙe da shi ya saki. Ka kulle ƙofar ka buɗe kana saurare. In sautin ya canza, sandunan makulli ne. Bayan kun tsaya, kunna rediyo ka ƙara sauti. Idan ƙofar ta fara zizar da kiɗa mai nauyi alhali mota na tsaye, ka ga sifika ce ko abin da ke kewaye da ita. Daga nan ka buɗe ƙofar, ka ɗan bubbuge ta da gefen dunƙulen hannu daga ciki da waje. Ƙofa mai lafiya sautinta dum ne guda ɗaya, ba abin da ke biyo baya.

Akwai ƙarar da ba ta bukatar a buɗe komai, kuma mutane na yawan wahalar da kansu a kanta. Ƙarfen nan da ke jikin ginshiƙi, wanda makullin ƙofa ke cafka in an rufe, yana cinyewa, robar bakin ƙofa kuma tana lotsawa, sai ƙofar gaba ɗayanta ta riƙa motsi a mazauninta. Naɗa wa ƙarfen baƙin salatif zagaye biyu ko uku, ka rufe, ka sake bin layin. In shiru ya samu, ka huta da cire fanel, saitin ƙarfen kawai za a gyara ko a canza robar.

Dalilin da ya sa na nace a kan kilif shi ne yanayin garinmu. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana wuce 60. Motarka ta daɗe da haura shekara 15 a duniya, duk robar da ke jikinta ta sha gashi ta bushe. Sai hunturu ya zo da sanyin asuba, roba ta tsuke, ƙura ta shiga kowane lungu. Shi ya sa za ka ji ƙarar ta fi tsanani da safe lokacin sanyi, da rana ta yi kuma ta lafa. Kilif ɗin da ya yi wannan rayuwa, ko gwani ne ya cire shi yana iya karyewa. Ka je wurin masu kayan gyara ka sayi kamar goma, irin na Toyota. In da hali ka tafi da samfur, domin kaurinsu da faɗin kansu sun bambanta daga mota zuwa mota, wanda ya yi wa ramin ƙanƙanta kuwa shi ma ƙara zai yi. Ka kuma guji yin aikin da sassafe cikin sanyi. Bari hantsi ya ɗaga roba ta ɗan saki, ka faka a inuwa.

Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba mai kan tauraro, ƙarama mai faɗin baki, sifana lamba 10, filaya mai dogon baki, tocila, da ɗan kwano na zuba sukuru. Akwai cokulan roba na musamman da ake ɓamɓare fanel da su. In ka samu ya fi. In ba ka samu ba, naɗe bakin sukundireba da salatif don kada ta kankare fenti, domin duk inda fenti ya tashi a bakin ƙofa, tsatsa ce za ta biyo da damina. Masu Peugeot 406 da Golf su sani cewa nasu sukuru mai kusurwa shida ne, irin Torx, sukundireba ta yau da kullum cinye kansa kawai za ta yi.

Maganar batir. A Corolla irin taka babu jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum in an yi karo, a cikin ƙofa. Wadda ke da ta gefe, a jikin kujera take. Sauke gilashi ƙasa, ka kashe mota, ka zare makulli, ya wadatar. Amma wasu Mercedes da BMW na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 suna da jakar iska a bayan fanel ɗin kansa, za a ga an rubuta SRS a jikinsa. Mai irin wannan ya cire kan batir na baƙar waya, ya jira kafin ya taɓa komai. Toyota kan ce daƙiƙa 90, Honda kuma minti 3. Soket mai launin rawaya galibi na jakar iska ne, ba a wasa da shi. Mai Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 ya tabbatar yana da lambar sirrin rediyonsa kafin ya cire batir, in ba haka ba rediyon zai kulle.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton ƙofar da wayarka, ka ci gaba da ɗauka a kowane mataki. Sukuru a ɓoye suke, kuma wuraren ɓuyansu sanannu ne: bayan hannun da ake ja a buɗe ƙofa, cikin ramin da ake kamawa a jawo ta, ƙarƙashin madogarar hannu, wani lokaci kuma a gefe ko ƙasan fanel. Galibi akwai ɗan murfin roba a kansu da ake ɗagawa da bakin ƙaramar sukundireba. Ɓangaren maɓallan gilashi ɗaga shi ake yi a hankali, sannan a danna ɗan harshen soket a zare. Kada ka ja waya, soket ɗin za ka kama. Robar nan mai kusurwa uku da ke bayan madubin gefe ita ma ɓallewa take yi, cire ta tun da wuri don tana tare hanya. Wanda gilashinsa na hannu ne, akwai wata 'yar waya mai siffar kofaton doki a bayan marikin. Zura tsumma tsakanin marikin da fanel, ka ja shi hagu da dama, za ta fito. Ka sa ido, tsalle take yi ta faɗa cikin yashi.

Yanzu sai inda ake ɓarna. Fara daga kusurwar ƙasa. Zura cokalin tsakanin fanel da ƙarfen ƙofa, ka matsa da shi gefe har ka ji ya tokari wani abu. Kilif ne. Ka sa bakin cokalin daf da shi, sannan ka murɗa hannu kaɗan. Za ka ji ɗas, ya fita. Da zarar ɗaya ya fita ka samu wurin zura yatsu, sai ka bi gefen kana lalubo na gaba, kana ja daidai inda yake. Abin da yara masu gaggawa ke yi shi ne su kama kusurwa ɗaya su fizge gaba ɗaya. Kilif ɗin ba zai saki ba, mazauninsa da ke bayan fanel ne zai ɓalle, wannan kuwa ba a sayar da shi daban. In ka ja wani wuri ka ji ya ƙi, tsaya. Akwai sukurun da ba ka gani ba.

Idan gefe da ƙasa sun saki, fanel ɗin zai tsaya a rataye ta sama, domin bakinsa a saƙale yake a gefen gilashi. Ɗaga shi sama za ka yi, ba jawowa ba. Kada ka yi nisa da shi, leƙa baya tukuna. A wasu motocin hannun buɗewa yana zama a jikin ƙofa, a wasu kuma yana tafiya da fanel, da igiyar ƙarfe ɗaya ko biyu masu ɗan dunƙule a kai. In biyu ne, ɗaya ta buɗewa ce ɗaya ta kullewa. Ɗauki hoto kafin ka zare, don in ka musanya su sai ka sake kwancewa.

Kifa fanel ɗin a kan tabarma, ka ba shi lokaci, domin sau da yawa amsar tana nan. Ƙirga ramukan da ke jikin ƙofa, ka ƙirga kilif ɗin da ke jikin fanel. Wasu za ka tarar sun maƙale a ƙofar. Zare su da filaya ka mayar da su mazauninsu a fanel, ba a barinsu a can. Kowane kilif yana da ɗan zoben soso ko roba mai laushi a gindinsa, shi ne ke hana roba gogar ƙarfe, wanda nasa ya ruɓe canza shi. Daga nan ɗaga fanel ɗin ka girgiza kusa da kunnenka. Ba abu guda ba ne: aljihu, madogarar hannu da ragar sifika duk haɗa su aka yi ta baya da ɗigon roba da aka narkar. Zafi yana tsinka waɗannan ɗigo, sai ɓangarorin su riƙa bugun juna. Ana mayar da su da bakin ayan ɗin rewaya mai zafi, ko gam mai haɗi biyu. Gam ɗin nan na ruwa mai bushewa nan take bai dace ba, ƙanƙara yake yi ya tsage da girgiza. Ka kuma nemi inda roba ta yi sheƙi ko ta tara farin gari. Alamar guga ce, liƙa ɗan siririn soso ko yadi mai laushi a wurin.

Bayan fanel za ka ga leda manne a jikin ƙofar da baƙin danƙo. Ina roƙonka kada ka yaga ta, kuma in ka tarar an riga an yage ko an jefar, ka nemi leda mai kauri ka yanka daidai ka mayar. Mutane suna ɗauka ledar kamfani ce kawai da ba ta da aiki. Ƙofar mota ba a yi ta don ta hana ruwa shiga cikinta ba. Ruwan sama yana bin gilashi ya gangara ciki, ya fita ta ƙananan ramuka a ƙasa. Ledar ce ke tsare shi daga jiƙa fanel, maɓallan gilashi da kafet. A nan kuma tana da aiki na biyu, tare ƙura. Motar da ke bin hanyar ƙauye babu wannan leda, ƙura ta cikin ƙofa za ta riƙa shigo mata ko da gilashi a rufe. Ɓamɓare ta daga sama a hankali, iya inda kake bukata. Danƙon yana sake kamawa in ba ka bari ya kwashi ƙasa ba.

Tunda sifika ce abin zargi, fara da ita. Sau da yawa wadda aka saya ba ta yi daidai da ramin asali ba, sai a ɗaura ta da sukuru biyu maimakon uku ko huɗu, babu soso tsakaninta da ƙarfe. Kama ta ka jijjiga. Duba kuma bayanta: in mayen ƙarfenta ya cika tsawo, gilashi na iya taɓa shi idan an sauke. Sai wayar da aka ja mata. Wayoyin kamfani a ɗaure suke a jikin ƙarfe da kilif nasu, wadda aka ƙara daga baya ce ake bari tana lilo tana bugun bango. Naɗe ta da soso ko salatif na yadi, ka ɗaure ta a jikin sauran da igiyar roba mai zarge, nesa da hanyar gilashi.

Mayar da soket ɗin maɓallan na ɗan lokaci, ka kunna makulli, ka ɗaga gilashi kana kallo da tocila. Hannunka kada ya kasance a ciki lokacin da gilashi ke tafiya, injin yana da ƙarfin da zai murƙushe yatsa, bakin ƙarfen ciki kuma yana yanka. Duk lokacin da za ka zura hannu, zare makulli. Tsayar da gilashin inda notin da ke riƙe da shi suka bayyana ta ramukan ƙarfe, galibi biyu ne, lamba 10. Gwada su da sifana, ka gwada na injin gilashin da ke jere a jikin ƙofar. Ɗaurewa daidai ake so, musamman na gilashi, don in ka matse fiye da kima zai iya tarwatsewa. Robar da gilashi ke bi ta gefe, in ta fita daga mazauninta mayar da ita, ka goge ƙurar da ta daskare, ka fesa mata silikon. Kada ka sa baƙin mai ko giris a roba: kumbura ta yake yi, ya kuma tara ƙura har gilashin ya fara nauyi. Giris kaɗan a kan layin ƙarfen injin kawai yake da amfani.

Sandunan da suka tashi daga makulli zuwa hannun waje da wurin sa makulli suna da ƙananan kilif masu launi a bakinsu. Taɓa kowace da yatsa. Wadda ta yi sako-sako tana taɓa ƙarfe, zura mata guntun tiyo na roba ko ka naɗa soso a daidai wurin, amma ka tabbatar tana motsi yadda ta saba. Sannan haska can ƙasan ƙofar. Abin da ake tsinta a nan yana da yawa: karyayyun kilif, noti, tsakuwa, da ɓaraguzan gilashi in an taɓa fasa shi aka canza ba a share ba. Kwashe su tas, ka zura waya ka buɗe ramukan fitar ruwa. Ƙurar hunturu tana toshe su, ruwan Yuli da Agusta ya zo ya kwanta, ƙasan ƙofa ya ruɓe daga ciki.

Abu ɗaya da ba kowa ke dubawa ba: akwai ƙarfe mai kauri da ya gitta cikin ƙofa don kare fasinja in an yi karo ta gefe, kuma tsakaninsa da bangon waje akwai ɗigon danƙo. In danƙon ya bushe ya saki, bangon yana kaɗawa ya bugi ƙarfen. Ƙwanƙwasa ƙofar daga waje kana kallon ciki, za ka gani. Danƙon bodi ake cusawa a tsakani. Kada a cusa kwali ko tsumma, ruwa suke sha su jawo tsatsa. Haka nan kada ka yarda wani ya ce zai ɗaure maka fanel da dogon sukuru ta waje ya huda har ƙarfe. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: ƙara za ta dawo, fanel ya lalace, bakin sukurun kuma yana iya samun waya ko ya kankare gilashi.

Kafin ka rufe, ka ɗan zaga da motar a layin nan fanel na cire, maɓallan a haɗe. In shiru, ka san ka gama da ciki. Manna ledar, ka bi danƙon da babban yatsa ko'ina, musamman ta ƙasa. Haɗa igiyoyin hannu da soket, saƙala bakin fanel ta sama tukuna, ka leƙa ta gefe ka ga kan kowane kilif yana kallon raminsa, sannan ka buga da tafin hannu daidai kansa. Wanda bai saitu ba in ka buga lanƙwashewa zai yi. Ƙofar na buɗe ka gwada hannun ciki, na waje, makulli da gilashi, kada ka rufe sai ka ga duk suna aiki, domin ƙofar da ta rufe igiya ba ta haɗu ba buɗe ta wahala ce babba. Wanda ya cire batir, in gilashi ya daina hawa da kansa da dannawa ɗaya, a motoci da yawa ɗaga shi ake yi har ƙarshe a riƙe maɓallin 'yan daƙiƙu, sai ya dawo daidai.

Inda zan ce ka tsaya ka nemi mai sana'a: in ka ga igiyar injin gilashi ta fara tsintsinkewa, in makullin ƙofar kansa ne ke ƙara daga cikinsa, ko in ƙofar tana ɗagawa sama da ƙasa idan ka kama bakinta ka jijjiga. Na farko da na biyu aikin rewaya ne, na ukun na mai gyaran bodi. Ka tsaya a kansa lokacin da zai rufe, ka ba shi sababbin kilif ɗin da hannunka, ka ga ledar ta koma. In kuwa ka yi duk wannan, har ka zaga babu fanel, ƙarar na nan daga wannan gefen kuma tana da nauyi, to ba ƙofa ba ce. Sa bakanike ya ɗaga motar ya duba ƙafar gaba ta dama, musamman sandar sitabilaiza da kan shokoba, don ƙararsu tana hawowa ta jikin bodi har mutum ya rantse daga ƙofa take.